04/05/2024: Huɗu ga Mayu ne, ko biyar ga Afrilu?

Ɗalibar Samaru:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure, barkanmu da shan ruwa. Damuwa ce ta kawo ni, kuma shawararku nake nema. Tun bara nake neman gurbin digiri na biyu da tallafin karatu a wata jami'a a Amurka. A tsakiyar watan Maris suka aiko min da imel cewa na tsallake zagayen farko, saura ganawa ta bidiyo, suka rubuta ranar haka: 04/05/2024. Da na gani ko shakka ban yi ba, na ɗauko biro na zagaye 4 ga Mayu a kalandar da ke rataye a ɗakinmu, na ce alhamdu lillahi, sai bayan Salla, zan yi shiri a tsanake.

Yau Litinin bayan la'asar ina tsaye a kicin ina yanka albasar ƙosai sai wayata ta yi ƙara. Saƙonsu ne, wai sun jira ni ranar Juma'ar da ta wuce ban shigo ba. Na ajiye wuƙar, na zauna a bakin ƙofa, na karanta sau uku kafin na gane 5 ga Afrilu suke nufi. Mahaifiyata ta fito ta same ni ina kuka, na rasa yadda zan yi mata bayanin cewa lambobi biyu ne suka yi musayar wuri.

Me ya sa suke fara rubuta wata kafin rana? Laifina ne ko nasu? Kuma me zan rubuta musu yanzu?

Kawun Houston:
Wa alaikumus salam 'yata. Share hawayenki, ki bar tambayar farko da ta biyu tukuna, ta uku ce mai gaggawa. Yanzu a nan rana ba ta faɗi ba, suna ofis. Ki rubuta musu a daren nan, gajere, ba dogon ban haƙuri ba. Ki ce a Najeriya ana fara rubuta rana kafin wata, don haka kika karanta 04/05 a matsayin 4 ga Mayu, kina neman afuwa, kina roƙon a sake ba ki wata rana. Ki rubuta sunan watan da haruffa a duk inda kika ambaci rana. Ofishin da ke hulɗa da ɗaliban ƙasashen waje ba yau suka fara jin irin wannan ba.

Akwai wata alama da ki riƙe don gaba. 4 ga Mayun bana Asabar ce, 5 ga Afrilu kuwa Juma'a. Da wuya jami'a a nan ta sa ganawa ranar Asabar. Duk lokacin da kika ga lambobi zalla, duba kalanda ki ga wace rana kowace fassara ta faɗa.

Malam Mai Alli:
Allah ya kyauta, 'yata. Ki bi shawarar Alhaji. Amma ni a kan tambayarki ta biyu ba zan ɓoye ra'ayina ba: ba ki da laifi. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Turanci a sakandare, duk yaron da ya ratsa ajina na koya masa ya rubuta adireshi a kusurwar dama, a ƙarƙashinsa ya sa rana, wata, shekara. Haka Turawan Ingila suka bar mana, haka ake yi a ofis da banki da kotu. Kuma tsari ne mai hankali, daga ƙarami zuwa babba: rana tana cikin wata, wata yana cikin shekara. Na Amurka kuwa ya fara da na tsakiya, ya koma ƙarami, sannan ya yi tsalle zuwa babba. Shi ya sa dole su saka waƙafi in sun rubuta da haruffa, April 5, 2024, saboda lamba biyu sun haɗu wuri ɗaya sai an raba su. Baturen Ingila in ya rubuta 5 April 2024 ba ya buƙatar waƙafi, sunan watan ya riga ya shiga tsakani. Tsarin da sai an yi masa tokara kafin ya tsaya, ai da sauransa.

Kawun Houston:
Allah ya gafarta Malam, a nan kam zan ɗan ja. Shekarata ashirin da biyu a ƙasar nan, kuma na daɗe ina kallon abin kamar yadda Malam yake kallonsa, sai daga baya na fahimci ba juya lissafi suka yi ba, bakinsu suke bi. Ba'amurke in ka tambaye shi ranar haihuwarsa April fifth zai ce maka, wata a gaba. Da ya zo rubutawa da lamba sai hannu ya bi harshe: 4/5. Kuma in aka lura, mai neman rana a kalanda watan yake fara buɗewa kafin ya sa yatsa a kan ranar. In an ce min biki Disamba ne na riga na san rabin labari, na san lokacin sanyi ne, na san yara suna hutu. In aka fara ce min goma sha biyu ban san komai ba tukuna.

Ba kuma su suka ƙirƙiro shi ba. A da can su kansu Turawan Ingila suna rubuta wata kafin rana a wasiƙu da jaridu, tare da ɗaya tsarin, da shi 'yan ci-ranin suka tsallaka teku. Takardar ayyana 'yancin Amurka, a samanta July 4, 1776 aka rubuta, kuma waɗanda suka sa mata hannu a ƙarƙashin sarautar Ingila aka haife su. Har yau jaridar The Times ta Landan wata take fara sawa a saman shafinta. Daga baya ne Ingila ta karkata ga tsarin maƙwabtanta na Turai, Amurka ta zauna a kan tsohon.

Malam Mai Alli:
Na karɓi maganar tarihin, Alhaji, gaskiya ce. To amma in bakinsu suke bi, me ya sa babbar ranarsu ta ƙasa suke ce mata Fourth of July? A nan ai rana suka sa a gaba.

Kawun Houston:
Haka ne Malam, wannan ranar ta zama suna, tana da girmanta, sai suka bar mata tsohuwar rigarta. Amma mutumin da ya ce maka Fourth of July da baki, in ya zo cike fom 7/4 zai rubuta. Kuma Malam, mu ma fa muna da tamu. Wa ya taɓa jin ɗan Najeriya ya ce 12th June in yana maganar zaɓen 1993? Kowa June 12 yake cewa, daga mai shayi har ɗan majalisa. Da aka mayar da Ranar Dimokuraɗiyya can a 2018, daga May 29 aka ce an ɗauke ta zuwa June 12. Jaridunmu na Turanci da yawa wata suke fara sawa. Da baki muna haɗa biyun ba tare da mun lura ba, sai an zo lambobi zalla rigima take tashi.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata, Allah shi ba ki haƙuri, shi sa a sake kiran ki. Ni ina bayan Malam. A nan Nijar tsarin Faransa muke bi tun daga lakwal, rana, wata, shekara, kamar dai naku. Ba Ingila kaɗai ba ce, kusan duk Turai, da ƙasashen Larabawa, da Indiya, da Kudancin Amurka, haka suke yi. Masu sa wata a gaba ba su da yawa: Amurka, sai inda ta yi mulki kamar Filifin, sai Kanada da ke haɗa kowane iri. Ranar 'yancinmu 3 ga Agusta 1960, muna rubuta 03/08/1960. Ba'amurke ya gani zai ce 8 ga Maris, ranar mata ta duniya ke nan. Taku ta Najeriya 01/10/1960, a wurinsa 10 ga Janairu ce. Jami'ar da ta buɗe ƙofa ta ce ɗaliban duniya su zo, ita ya kamata ta san duniya ba ta karanta lamba irin nata. Haruffa uku kawai za su ƙara, APR, da yarinyar nan ba ta yi kuka da azumi a bakinta ba.

Yayan Kwamfuta:
Barkanmu da shan ruwa. Ƙanwata, kin aika saƙon? In ba ki aika ba, aika kafin ki ci gaba da karanta mu.

Bari in kawo lissafi, don a ga girman ramin. Wata goma sha biyu ne, saboda haka duk lambar da ta haura 12 dole rana ce. 25/12 ko 12/25, kowa ya san Kirsimeti ake nufi. Matsalar tana kan ranakun 1 zuwa 12 na kowane wata. 12 sau 12 ya ba da 144. A cire guda 12 da rana da wata suke lamba ɗaya, irin 1/1 da 7/7, saura 132. Wato a shekara mai kwana 365, kwana 132 ana iya karanta su fuska biyu, fiye da kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya sa ramin yake cin mutane shi ne sauran kwana 233 ba sa ba da matsala, sai mutum ya saki jiki.

Misalin da kowa ya sani: harin da aka kai Amurka ranar 11 ga Satumba 2001, duniya ta san shi da 9/11. A lissafin Ingila 9/11 na nufin 9 ga Nuwamba, ranar da katangar Balin ta faɗi a 1989. Su Ingila nasu harin na Landan ranar 7 ga Yuli 2005 suna ce masa 7/7, wanda ta ko'ina ka karanta daidai ne.

Ɗalibar Samaru:
Na aika, Yaya. Kawu, na bi yadda ka ce, layi biyar kawai, na rubuta sunayen watannin da haruffa. Baba Malam na gode, maganarka ta sanyaya min rai. Amma ina jin da na tambaya tun farko da ba a kai nan ba. Sati uku saƙon yana wayata.

Hajiya Mai Kemis:
'Yata, ba za ki tambayi abin da ba ki san tambaya ba ne. Wanda ya ga hanya biyu shi ke tambayar wacce zai bi, ke hanya ɗaya kika gani. Kada ki ɗora wa kanki.

Ni abin nan a kan kanta nake haɗuwa da shi. Yawancin magani da sauƙi, wata da shekara kawai ake bugawa, 03/2026, babu ruɗani. Inda ake shan wuya shi ne kayan da 'yan uwa ke kawo tsaraba daga Amurka, ko na kwantena, irin su bitamin da madarar jarirai da abin gwada suga. Kwanaki wata baiwar Allah ta shigo da gwangwanin madara a cikin leda, goyonta a baya, ta ce 'yar uwar mijinta ce ta aiko, ta ga an buga 03/09/24 a gindinsa, shin ya lalace ko da saura? A karatunmu 3 ga Satumba ne, da sauran wata biyar da rabi. A karatunsu 9 ga Maris, a lokacin ya wuce da kwana goma. Na juya gwangwanin na ga adireshin kamfanin na Amurka ne, rubutun awon ma da oza aka fara kafin giram. Na ce mata kada ta ba yaron. Ta tsaya shiru tana kallon gwangwanin, don ta san kuɗinsa. Na ji tausayinta ƙwarai, amma cikin jariri ba wurin gwaji ba ne.

Dokata a shago ita ce: in duba ƙasar da aka yi kayan, in duba ranar da aka sarrafa shi ko akwai lambar da ta haura 12 da za ta nuna min tsarinsu. In duk ban samu ba, sai in ɗauki ranar da ta fi kusa.

Ɗan Zangon Kumasi:
Hajiya Allah ya saka da alheri, wannan ilimi ne. Mu ma a Gana tsarin Ingila ne, 6 ga Maris 1957 muna rubuta 6/3/57. Ni ranar haihuwata ce ta juye. An haife ni 7 ga Fabrairu. Wani ma'aikaci da ya shigar da bayanaina a kwamfuta, ashe na'urar a kan tsarin Amurka take, ya buga 07/02 ta ɗauka 2 ga Yuli. Ban lura ba sai bayan shekaru, da na je neman biza aka ga takarda ɗaya ta ce Fabrairu, ɗaya ta ce Yuli. Sai da na yi rantsuwar kotu, na yi ta zirga-zirga wata biyu, tafiyar ma ta wuce ni. Duk wanda aka cike wa fom, ya roƙa a juyo masa fuskar kwamfutar ya gani da idonsa kafin a danna.

Yayan Kwamfuta:
Wannan na Kumasi shi ne ainihin aikina na kullum, kuma shi ya fi ba ni tsoro, don ba ya ƙara, shiru yake ɓarna. Yawancin kwamfutoci da wayoyin da ke shigowa kasuwarmu a kan Turancin Amurka aka saita su, mai saye kuma ba ya canzawa. Ka ɗauki jerin sunayen ɗalibai ɗari biyar da ranakun haihuwarsu a tsarinmu, ka buɗe a manhajar lissafi ta Excel da ke kan saitin Amurka. Duk wanda aka haifa daga 13 ga wata zuwa sama, manhajar za ta kasa gane shi a matsayin kwanan wata, ta bar shi a matsayin rubutu, ya manne a gefen hagu na akwatin. Duk wanda aka haifa daga 1 zuwa 12 kuwa za ta karɓe shi hannu biyu, ta mayar da ranarsa wata, watansa rana, ya koma gefen dama. In ka ga layin kwanan wata wasu a hagu wasu a dama, tsaya, kada ka adana, an riga an juya maka kusan kashi biyu cikin biyar na mutanenka. Gyaran yana wurin saitin yanki na kwamfutar, a mayar da shi Najeriya ko Birtaniya kafin a buɗe fayil ɗin.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Masana ƙwayoyin halitta suna da wasu ƙwayoyi masu suna MARCH1 da SEPT1, Excel yana ganinsu sai ya mayar da su 1 ga Maris da 1 ga Satumba. Wani bincike a 2016 ya gano kusan ɗaya cikin biyar na maƙalolin da aka duba masu ɗauke da irin wannan jeri suna da wannan kuskuren. A 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin halittar ɗan Adam suna ya haƙura ya canza musu suna, suka koma MARCHF1 da SEPTIN1.

Don haka ni ba na bayan Malam, ba na bayan Kawu. Akwai tsari na uku, ISO 8601, wanda hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta fitar a 1988: shekara, wata, rana. 2024-04-05. Daga babba zuwa ƙarami, kamar yadda muke rubuta agogo, awa, minti, daƙiƙa. Haka Sin da Japan da Koriya da Hangari suke rubutawa tun asali. Ba mai karanta shi fuska biyu, don da wuya a sami ƙasar da ke sa shekara, rana, wata. Kuma in ka sa shi a farkon sunan fayil, kwamfuta da kanta za ta jera maka su daga tsoho zuwa sabo.

Malam Mai Alli:
Ɗana, wannan na injina ne. Ka ce in rubuta wa surukina katin ɗaurin aure in fara da 2024? Ai ya san shekarar da yake ciki. Mutum abin da ya fi buƙata shi ake fara ba shi, kuma a rayuwar yau da kullum ranar ce take canzawa kowace safiya.

Yayan Kwamfuta:
Baba Malam, a katin biki na yarda, a rubuta da haruffa a huta. Amma Baba, in fasfonka yana kusa, buɗe shafin hoto ka dubi layuka biyun nan na ƙasa masu cike da alamu kamar bakin kibiya. A layi na biyu, bayan lambar fasfo da NGA, wato alamar Najeriya, akwai lambobi shida: shekara, wata, rana na haihuwarka. Gaba kaɗan wasu shida, ranar ƙarewar fasfon, su ma haka. Na Amurka, na Ingila, na Nijar, duk haka suke, don hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ce ta tsara. Tsarin yana aljihun duk wanda ya taɓa zuwa Makka.

Malam Mai Alli:
Na ɗauko na duba. Haka yake, shekarar haihuwata ce a gaba. Sau biyu na je aikin Hajji da irin wannan littafi ban taɓa lura ba. Allah ya yi maka albarka.

Kawun Houston:
Tunda an zo kan fasfo, bari in ƙara wa 'yata abin da zai amfane ta in Allah ya sa tafiyar ta tabbata, don ita gwamnatin Amurka ma ba tsari ɗaya take bi ba. Fom ɗin neman biza na DS-160 rana yake fara tambaya, sannan wata da haruffa uku, sannan shekara. Bizar da za a manna miki a fasfo ita ma haka, misali 05APR2024. Fasfon Amurka kansa rana ce a gaba, sojojinsu ma haka suke rubutawa. Tikitin jirgi ma 05APR za ki gani. Amma da zarar kin sauka, takardun hukumar shige da fice ta cikin gida, da na banki, da na asibiti, da lasin tuƙi, duk wata ne a gaba. Ki riƙa duba ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin akwati: in kin ga MM a farko wata ake nema, in DD ne rana.

Shi ya sa na ce wa ɗan uwana na Maraɗi, ina jin zafin da ya ji, kuma jami'ar da ta rubuta da haruffa da ta kyauta. Amma wanda zai shiga garin mutane shi ke koyon hanyoyin garin. Ni a shekarata ta farko a nan na rubuta cakin kuɗin haya da tsarin gida, mai gidan ya dawo min da shi ya ce na sa ranar da sai nan da wata biyar za ta zo. Tun ranar na koya wa hannuna.

Ɗan Maraɗi:
Alhaji, wanda ya shiga gari shi ke koyo, na yarda. Amma ita ba ta shiga ba tukuna, tana ɗakin uwarta a Zariya wasiƙar ta same ta. Mai aika wasiƙa shi ke da nauyin a fahimce shi. A nan dai ban sauka ba.

Alaramma na Ƙofar Mata:
Assalamu alaikum. Na jima ina karantawa, aikin tafsiri bai bar ni na sa baki ba sai yanzu bayan asuba. Ana ta cewa tsarin Ingila, tsarin Faransa, kamar su suka koya mana sa rana a gaba. Ku saurari kalmar da kuke ta amfani da ita tun jiya: kwanan wata. Kwana nawa jinjirin wata ya yi tun da aka gan shi, ma'anarta ke nan. Kakanninmu da ba su taɓa ganin Bature ba suna tambayar juna, yau nawa ga wata? A ce goma ga wata, ko a ce wata ya kwana goma. In ana son ƙarin bayani sai a ce goma ga watan Azumi, ko ga watan Babbar Salla, ko ga watan Cika-ciki. Wannan ƙaramar kalma, ga, ita ce ta ɗaure ranar a jikin watan, kuma ba yadda za ka yi ka juya su a Hausa. Ba Bahaushen da zai ce Azumi goma yana nufin kwanan wata, sai dai in yana ƙirga azumin da ya kai. Don haka yarinyar nan da ta ga 04/05 ta ce huɗu ga wata na biyar, harshen da ta sha a nono ne ya karanta mata, makaranta ta zo ta tarar da shi.

Matsalar rubuta rana a taƙaice kuma tsohuwa ce. Malaman tarihi sun ruwaito cewa an kawo wa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, wata takardar bashi da aka rubuta wa'adinta Sha'aban. Ya tambaya wane Sha'aban, na bara, ko na bana, ko mai zuwa? Irin wannan ne ya sa ya tara sahabbai aka yi shawara, aka tsayar da ƙirgar shekara daga Hijira, wajen shekara ta 17. Marubucin takardar ya san Sha'aban ɗin da yake nufi sarai, bai dai tuna cewa takarda tana zuwa hannun wanda ba ya cikin kansa ba. Wanda ya rubuta wa yarinyar nan 04/05 shi ma ya san abin da yake nufi.

Ni a takardun makarantarmu nakan rubuta sunan ranar mako, sannan kwanan watan Musulunci da sunansa, sannan na Miladiyya da sunansa. Yana cin layi guda cur, amma ba uban yaron da ya taɓa zuwa walima a ranar da ba ita ba.

Malam Mai Alli:
Allah ya gafarta Malam, ka ba ni abin da ban taɓa tunani ba, ni da nake ta jingina abin ga Turawa. Sa sunan ranar mako kuma shi ne mukullin biyu. Da sun rubuta Friday kawai a gaban lambobin nan, da ta duba kalanda ta ga 4 ga Mayu ba Juma'a ba ce.

Tunda an taɓo tarihi, Ingila da Amurka sun taɓa shiga ruɗanin da ya fi wannan tare, lokacin suna ƙasa ɗaya. A 1752 suka bar tsohuwar kalanda suka koma ta Fafaroma Giregori, wadda ƙasashen Katolika suka karɓa tun 1582. Aka kwanta Laraba 2 ga Satumba, aka tashi Alhamis 14 ga Satumba, kwana goma sha ɗaya aka tsallake. Kafin nan ma sabuwar shekara a hukumance 25 ga Maris take kamawa a wurinsu. Shi ya sa George Washington, da aka rubuta haihuwarsa 11 ga Fabrairu 1731, yau littattafai suke cewa 22 ga Fabrairu 1732.

Hajiya Mai Kemis:
Barkanmu da Salla jama'a, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. 'Yata, shiru muka ji. Sun amsa?

Ɗalibar Samaru:
Barka da Salla Hajiya, barkanmu duka, ku gafarce ni, hidimar baƙi ce ta riƙe ni. Sun amsa jiya da dare, alhamdu lillahi! Matar ta ce ta fahimta, kuma ta ba ni wata rana. Wannan karon da haruffa ta rubuta, har da sunan ranar: Tuesday, April 16, 2024. Na je na goge zagayen da na yi wa 4 ga Mayu, na zagaye Talata 16 ga Afrilu, na kira mahaifiyata ta gani. Ta ce in isar muku da godiyarta, musamman Kawu.

Saura abu ɗaya. Ta rubuta ƙarfe 10:00 na safe, ta sa ET a gabansa. Kawu, ƙarfe nawa ke nan a Zariya? Ba zan ƙara ɗauka da kaina ba.

Kawun Houston:
Alhamdu lillahi, na ji daɗi ƙwarai 'yata. ET agogon gabashin Amurka ne, irin na New York da Washington. Daga Lahadi ta biyu a watan Maris zuwa Lahadin farko a Nuwamba suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, don haka yanzu tazararku awa biyar ce, ba shida ba kamar lokacin sanyi. Ƙarfe 10:00 na safe a can, ƙarfe 3:00 na rana ne a wurinki. Ki mayar mata da amsa ki rubuta duka biyun, ranar da lokacin, nasu da naki, ki ce ta tabbatar miki. Ki yi cajin waya da kwamfuta tun da safe, ki sayi data a layi biyu, ki shiga ɗakin ganawar tun uku saura kwata.

Ɗalibar Samaru:
Na rubuta mata yanzu, Kawu, ta amsa da cewa daidai ne. Talata ƙarfe uku in sha Allah. Ina roƙon addu'arku.